Fandeshan a Hunturun Zariya: Yadda Za Ki Shafa Shi Bai Tona Bushewar Fata Ba

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta sauko daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, danshin iskar Zariya yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da tsakar rana. A watan Agusta kuwa yakan haura kashi 70. Shi ya sa fandeshan ɗin da ya kwanta miki luf da damina zai tsattsage miki a Janairu, alhali kwalbar ita ce dai, fuskar ma ita ce. Ga shi kuma a wannan tsakanin ne bukukuwa ke yawa. Ɗalibar jami'a za ta fito daga ɗakin kwanan ɗalibai na Amina ko Ribadu da safe fuska sumul, kafin a tashi daga laccar ƙarfe sha biyu gefen hancinta ya yi ɓawo, ƙasan ido ya yi layi-layi. Uwargida za ta hau keke daga Samaru za ta biki Sabon Gari, kafin ta gota Kwangila kumatu sun yi furu-furu. Mafi yawanmu sai mu ce kayan ne jabu, mu sayo mai tsada, ko mu ƙara wani a kan na farko.

Abin da nake so ki fara riƙewa, 'yar'uwa, shi ne fandeshan launi yake daidaitawa. Ba ya cike tsaga, ba ya kwantar da ɓawo. Duk abin da ya tarar a fata, a kansa zai hau, ya kuma fito da shi fili. Saboda haka mafi yawan aikin ana gama shi ne tun ba a buɗe kwalba ba, sauran kuma na rage hannu ne.

Saman fatar mutum matattun ƙwayoyin halitta ne jere bisa juna, hawa goma sha biyar zuwa ashirin, da wani maiƙo a tsakaninsu da ke riƙe su. Muddin akwai isasshen ruwa a wannan shimfiɗa, tana da laushi, tana lanƙwasuwa. Idan ruwan ya yi ƙasa da kamar kashi 10 cikin 100, sai ta sandare, gefen ƙwayoyin ya ɗago. Ga mai duhun fata wannan ɗagowar ita ce farin da ake gani. Shi kuwa fandeshan garin launi ne da aka dama a ruwa ko mai ko silikon. Da kin shafa, ruwan ya kama hanyar tafiya, wani iska ta kwashe, wani fata mai ƙishirwa ta shanye, garin launin ya tsaya. A fata busasshiya hakan na faruwa da sauri, tun ba ki gama bajewa ba, garin ya maƙale a bakin kowane ɓawo. A wuraren da fuska ke motsi kuma, wato ƙasan ido, goshi, da layin da ya sauko daga gefen hanci zuwa gefen baki, duk murmushi da duk ƙifta ido tura shi suke cikin ninkin fatar. Iya yawan da kika sa, iya yawan da zai taru. Magini ba ya yaɓe busasshen bango sai ya yayyafa masa ruwa, kuma ya san yaɓe mai kauri ne ke fara tsagewa. Haka fuska take.

Shirin daga dare yake farawa, kuma daga wajen wanka. Fata na da ɗan tsami na halitta, a ma'aunin pH tana kusa da 5, sabulun wanka na yau da kullum kuwa yana kaiwa 9 ko 10. Sabulun salo, duk da amfaninsa, da toka ake yin sa, yana da kaifi. Da damina mai maiƙon fuska za ta iya jin daɗinsa, amma ki riƙa dirza shi a busasshiyar fuska safe da yamma cikin hunturu, kina kwashe maiƙon nan ne da ke riƙe ruwan fatarki. Idan kin wanke fuska kika ji ta ɗaure, kina buɗe baki kina jin tana ja, sabulun ya yi miki ƙarfi, ki nemi mai sanyi wanda ba ya kumfa sosai. Ruwan zafi ma haka yake yi. Na san wahalar sanyin Samaru da asuba, ba zan ce ki yi wanka da ruwan randa ba, amma ki sirka na fuska ya zama ɗumi-ɗumi. Soson raga na jiki ne, kada ya taɓa fuska.

Ɓawon da ya riga ya ɗago sai an cire shi, amma a hankali. Sau ɗaya a mako, ko biyu idan ya yi yawa, ki jiƙa tsumma mai laushi da ruwan ɗumi, ki ɗora a fuska minti biyu, sannan ki zagaya da shi ba tare da dannawa ba. Da dare ake yi, ba ranar fita ba. Nan ne nake jan kunnen amare da masu gyaran jiki. Dilka da halawa suna da kyau, suna sa fata santsi, amma fuskar da aka dirza jiya ɗanya ce, ba ta da garkuwa, iskar hunturu na samunta za ta bushe fiye da da. A gama dilkar fuska aƙalla kwana uku zuwa biyar kafin kamu, a bar sauran kwanakin ga mai da hutu. Hayaƙin turare ma a jiki ya tsaya, yana busar da fuska.

Sai shafa mai, wanda lokacinsa ya fi sunansa muhimmanci. Ki shafa shi fata na da sauran danshi, cikin 'yan mintoci bayan wanka, domin aikinsa tsare ruwan da ke ciki. Idan kin bari fuska ta bushe ƙarau, babu abin da zai tsare. Gilisarin, da ake samu a kowane kantin magani da araha, janyo ruwa yake yi, haka ma sinadarin hayaluronik asid da ake tallatawa yanzu. A Legas, inda iska ke cike da danshi, suna da inda za su ɗebo. A Zariya cikin Janairu iskar ba ta da abin bayarwa, don haka idan kika shafa su su kaɗai a busasshiyar fuska, daga cikin fatarki za su ja, iska ta kwashe. Ki sa su a fuska mai danshi, ki rufe da mai mai kauri. Man kaɗanya namu na gida ya iya wannan rufin sosai, haka basilin, wanda kusan babu abin da ya kai shi hana ruwa fita daga fata. Ki narkar da ɗan kaɗan a tafin hannu, ki daddanna a kumatu da gefen hanci da gefen baki kafin ki kwanta. Mai yawan ƙurajen fuska ta guji man kwakwa, yana toshe ƙofofin gashi.

Da safe ba sai kin sake sa sabulu ba, ruwa kaɗai ya isa. Ki shafa mai mara nauyi, sai man kariya daga rana idan kina amfani da shi, kuma ya kamata, don hazo ba ya tare duk hasken da ke ƙona fata. Daga nan ki bar fuskar minti goma. Ki ɗaura ɗankwali, ki goge takalmi, ki sha shayi. Wannan jiran ne mutane da yawa ke tsallakewa, sai fandeshan ya haɗu da man da bai shiga ba, ya riƙa zamewa ko murmushewa. Bayan minti goma ki taɓa kunci da bayan yatsa: ya kamata ki ji laushi da ɗan danƙo kaɗan, ba santsin mai ba. Idan yana ƙyalli, ki ɗora tishu ki ɗaga. Kaɗanya da basilin na dare ne. Da safe sai dai ɗigo a wurin da ya fi bushewa. Firaima, wadda ake shafawa kafin fandeshan, ba dole ba ce. Irin wadda aka yi don kashe maiƙo ƙara bushewa take yi, in za ki sa ta, a karan hanci kawai.

Wajen saye, ki karanta jikin kwalbar. Wanda aka rubuta masa "matte" don shanye maiƙo aka yi shi, shi ne kuma ya fi cika shaguna, don yawancin shekara da zufa muke fama. Na hunturu shi ne mai ruwa-ruwa da aka rubuta "hydrating" ko "dewy". Kamfani ɗaya ma yakan fitar da duka biyun: Fit Me na Maybelline akwai Matte + Poreless, akwai Dewy + Smooth, mai shago kuwa zai iya miƙo miki wanda ya fi kusa da hannunsa. Fandeshan na hoda da na sanda mai tauri ki ajiye su sai bazara. A kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki kuma lura da ɗan hoton gwangwani buɗaɗɗe mai rubutun 12M ko 24M, wato adadin watannin da zai yi bayan an buɗe. Kayan da aka baje a tebur rana na dukansu wuni guda ki bar su, zafi na raba mai da ruwan da ke ciki.

Launi ma yana da hannu a maganar bushewa. Fandeshan da ya fi fatarki haske zai sa kowane ɓawo da kowane layi ya fito ɓaro-ɓaro, don inuwar ninkin na ƙara duhu kusa da haske. A da muna da uzuri, ba a cika yin na baƙar fata ba. Yanzu akwai kamfanonin gida irin su House of Tara da Zaron da suka yi nasu domin fatarmu, kuma tun da Fenty Beauty ya fito da launi 40 a shekarar 2017 manyan kamfanonin waje suka faɗaɗa nasu. Ki gwada a muƙamuƙi, ba a bayan hannu ba, ki fito daga cikin shagon zuwa hasken rana, ki jira kwata guda, don wasu na ƙara duhu idan sun sha iska. Wanda ya ɓace tsakanin fuska da wuya shi ne naki.

Akwai fuskoki iri biyu da duk wannan shiri ba zai wadatar da su ba, kuma ina so a ji ni da kyau. Ta farko ita ce wadda man bilicin ya taɓa. Da yawa daga cikin mayukan nan, musamman haɗin da ake sayarwa a roba babu suna, suna ɗauke da magungunan sitiroyid masu ƙarfi irin su kulobetasol, ko haidirokwinon, wasu har da makuri mai lalata ƙoda. Sitiroyid na sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ta riƙa tamushewa tun mace na da ƙuruciya. Haidirokwinon kuwa idan aka daɗe ana shafawa yakan bar baƙin tabo a saman kumatu mai wuyar fita. Fatar da ta kai haka ba ta riƙe ruwa, babu fandeshan ɗin da zai zauna mata, kuma ƙara kauri ƙara tona ta ne. Idan kina cikin wannan hali, ba abin kunya ba ne, mata da yawa ba su san abin da ke cikin robar ba. Kada ki yanke shafawar rana ɗaya, fuska na iya yin ja ta feso da ƙuraje. Ki je ki ga likitan fata, akwai su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a janye miki shi sannu a hankali. Ta biyu ita ce wadda ɓawonta ke fitowa a gefen hanci, cikin gira da bakin gashi, yana ƙaiƙayi, yana da ɗan maiƙo, ba ya jin mai. Sau da yawa wannan amosanin ka ne ya sauko fuska, kuma laftar mai na iya ƙara shi. Magani yake so.

To, mu zo ga shafawar. Ki matsa kwatankwacin ƙwayar wake a bayan hannunki, ba a fuska kai tsaye ba. Zai yi miki kamar ba zai isa ba. Ki fara da shi tukuna. Idan fandeshan ɗin mai kauri ne kuma ba ki da halin sayen wani, ki ɗiga masa man fuskarki kaɗan ki gauraya da yatsa. Ki jiƙa soson kwalliya har ya kumbura, ki matse shi sosai, ki sake matsewa cikin tawul, ya zama danshi kawai ba ɗiga ba. Ki dangwala, ki fara daga tsakiyar kumatu da gefen hanci inda launi ya fi rarrabuwa, kina daddannawa kina fita waje. Dannawa, ba gogawa ba. Goga da murza su ne ke tayar da ɓawon da kika sha wahalar kwantarwa, shi ya sa buroshi mai tauri da ake zagayawa da shi bai dace da busasshiyar fata ba. In ba ki da soso, yatsu masu tsabta sun isa, ɗuminsu ma na narkar da shi.

Goshi, layin murmushi da ƙasan ido su ne na ƙarshe, kuma ba a ɗebo musu sabo. Abin da ya rage a jikin soso shi ne rabonsu. Idan kin gama, ki matsa daga madubi taku biyu ki duba, don ba wanda zai kalle ki daga nisan da kike kallon kanki. Inda tabo ya leƙo, ki ɗora masa ɗigon konsila mai rufe tabo shi kaɗai, ki danna gefensa. Tabo uku ba sa wajabta wa fuska gaba ɗaya shimfiɗa ta biyu.

Ƙasan ido ya cancanci a tsaya a kansa. Fatar wurin ita ce mafi siranta a fuska, kaurinta bai wuce kimanin rabin milimita ba, maiƙonta kaɗan ne, kuma ba ta daina motsi. Babban zanen konsila mai kusurwa uku da ake gani a Instagram da TikTok don kyamara da fitilar ɗaukar hoto aka yi shi, masu yin sa kuma yawanci ba a cikin iska irin tamu suke ba. Ke ɗigo biyu ƙanana sun ishe ki, ɗaya a kusurwar ido ta wajen hanci inda duhu ya fi yawa, ɗaya a wajen gefe idan akwai buƙata. Ki daddanna da yatsan da ke kusa da ƙarami, ya fi sauran sauƙin hannu. Kada ki kai shi har gindin gashin ido. Sai ki jira minti ɗaya, ki yi murmushi sosai, ki saki fuska, ki kalli madubi. Duk inda ya taru a layi, ki ɗaga ido sama ki danne shi da yatsa mai tsabta ko gefen soso. Abin da ya taru rara ne, cire shi ake yi. Idan kika zuba hoda a kansa kin kulle layin ke nan har dare.

Hodar kanta ita ce ta fi ɓata kwalliya a hunturu. Salon nan na tula farar hoda ƙasan ido a bar ta minti biyar ko goma kafin a kakkaɓe, daga masu wasan dandamali ya samo asali, waɗanda ke zufa ƙarƙashin fitilu masu zafi. Hoda shan danshi take yi, fatar da ba ta da shi kuwa me za ta ba ta? Ki ɗauki ƙaramin buroshi mai laushi, ki dangwali gari, ki kakkaɓe har ki ga kamar babu, ki taɓa karan hanci, tsakiyar goshi da haɓa, sai ƙasan ido sau ɗaya. Kumatu ki bar su. Idan kina son jan kumatu, mai laushi irin na mai ya fi na hoda. A ƙarshe ki fesa abin feshi wanda ba shi da alkohol da yawa, ko ruwan wardi da aka ɗiga wa gilisarin, daga nisan kamu ɗaya, ki bi da soso a hankali don hodar ta narke cikin sauran.

Da rana ƙura za ta sauka a fuska, babu makawa, ko a titin Sakkwato ko a PZ. Kada ki goge da gefen hijabi ko gyale, ki ɗora tishu ki ɗaga. Kada kuma ki bi al'adar fito da hoda duk bayan awa ɗaya. Inda ya fara tsagewa, ki murza ɗan mai tsakanin yatsu biyu har ya kusa ɓacewa, ki daddanna wurin, zai sake haɗewa. Sanyin na'urar ofis da na ɗakin taro ma busar da fata yake, ko da ba hunturu.

Sai maganar alwala, wadda bidiyoyin ƙasashen waje ba za su gaya miki ba. Malamai sun yi bayani cewa duk abin da ya yi shamaki tsakanin ruwa da fata sai an gusar da shi, kuma a mazhabar Malikiyya cuɗa gaɓa da hannu yayin wankewa wajibi ne. Ke nan fandeshan mai hana ruwa shiga, wanda ake tallata cewa yana kwana guda bai motsa ba, bai dace da ranar aiki ko makaranta ba. Shimfiɗa siririya mai ruwa-ruwa kuwa tana fita cikin sauƙi, tana kuma mayuwa cikin minti uku. Ranar biki ki tsara lokacinki: ki yi alwala ki yi sallar da ta kama, sannan ki zauna gaban mai kwalliya. Ki sani kuma ruwan da ya bushe da kansa a fuska yana tafiya da wani danshin fatar. Bayan kowace alwala ki tsane fuska da tsumma mai laushi, ki shafa ɗan mai nan take. Ƙaramar roba a jaka ta isa.

Ga 'yan'uwana masu sana'ar kwalliya ina da roƙo. Idan uwar amarya ko gwaggonta ta zauna a kujerarki, kada ki yi mata abin da kika yi wa 'yan matan amarya. Fatar Hajiya ta rage maiƙo, ninkinta ya yi zurfi, kuma sau da yawa kunya ba za ta bar ta ta ce ya yi yawa ba. Ki ba ta lokaci wajen mai, ki sa mata rabin abin da kika saba, ki bar kwalli da jan baki su ɗauki nauyin adon. Mai hoto zai so kauri don ya fi fitowa a kyamara, amma ita mutane za ta gaisa da su ido da ido, da rana tsaka, a tsakar gida. Ki wanke buroshi da soso tsakanin fuska da fuska.

Idan an dawo gida, komai gajiya, a cire. Ki zuba man zaitun ko narkakken kaɗanya a tafin hannu, ki shafa a busasshiyar fuska har kwalliyar ta narke, ki share da tsumma mai ɗumi, sannan ki wanke da sabulu mai sanyi sau ɗaya. Tishu mai ruwa da ake dirza fuska da shi yana barin saura a fata, yana kuma tayar da sabon ɓawo. Ki shafa mai fuska na da danshi. Soson ki wanke shi da sabulu, ki shanya a inda iska ke shiga amma ƙura ba ta kaiwa, kada ki jefa shi jaka yana jiƙe, kuma ki sauya shi duk bayan wata uku.